Ɗan maigidana na neman kwangilar kwalbati, ni kuma na san aikinsa

Wasiƙar wannan makon ta fito daga wani injiniya da ke aikin hanya a ƙasar Haɗeja. Na rage tsawonta, na kuma cire sunaye kamar yadda ya nema.

"Assalamu alaikum, Malam. Ni injiniyan hanyoyi ne, kuma ni aka ɗora wa duba aikin wata hanyar burji da za ta haɗa wasu ƙauyuka da babban titi a yankinmu. Hanyar ta ratsa fadama, saboda haka akwai kwalbatoci da dama a cikin aikin.

"Ga abin da ya hana ni barci. Ina ɗalibi aka tura ni koyon aiki na wata shida, na faɗa hannun wani dattijo, foman a wani kamfanin hanya. Baba muke ce masa. Bai yi jami'a ba. Tun yana saurayi ya fara da ɗaukar kwanon sarki a aikin madatsar Tiga, ya yi ta hawa har ya zama foman. Duk abin da na iya da hannuna a wurinsa na koya. A gidansa na zauna, matarsa ke ba ni tuwo. Da na gama bautar ƙasa na rasa aiki, shi ya kama hannuna ya kai ni wurin wani babban injiniya ya ce a gwada ni. Yau ina da rajista da hatimi, ina da iyali da mota. Shi kuma ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune a ƙauyensu.

"Gaskiya na yi sake da zumunci. Sai dai waya ranar Salla, wani lokaci in tura ɗan abin da ya samu. Makon jiya sai ga ɗansa a ofis, wai Baba ya ce in riƙe shi. Abin da yake so shi ne in yi wa ɗan kwangila magana a yanka masa kwalbatocin nan ya yi. Na san aikin yaron. Ya taɓa yin wata 'yar kwalbati a garinsu, ba ta ga damina biyu ba ruwa ya cinye gefenta. Na ɗan taɓa wa ɗan kwangilar zancen, tun ban rufe baki ba ya ce an gama. In na hana, da wane ido zan kalli Baba? In na bayar, na san abin da zai biyo baya. Matata ta ce in ba shi, in ya so in tsaya a kansa. Wani abokina ya ce in tura wa Baba kuɗi mai kauri in kashe waya. Me kake gani?"

Wa alaikumus salam, Injiniya.

Kada ka ba shi. Na sa wannan a gaba ne don kada ka yi ta laluben amsa a cikin dogon zance. Amma zancen da tsawo, domin hana yaron shi ne ɓangare mafi sauƙi a cikin abin da ke gabanka.

Mu fara da ɗan kwangila. Ka ambace shi a gurguje, alhali a duk wasiƙarka shi ya fi ba ni tsoro. Mutumin da za a ce ya yanki ribarsa ya ba baƙon da bai taɓa ganin aikinsa ba, ya amsa tun ba a rufe baki ba, to ya buga lissafinsa ya ga abin da zai samu ya fi abin da zai bayar. Abin da zai samu kuwa bakinka ne. Daga ranar da yaron ya kafa katako a wurin, kai da ɗan kwangila kun zama abokan sirri. Gobe ka tarar marmarar da aka shimfiɗa ba ta kai kauri ba, ko rola ta ɗan shafa ta wuce, ka buɗe baki za ka yi magana, ba sai ya yi maka musu ba. Murmushi zai yi ya ce, "Yallaɓai, yaya aikin ƙanin namu?" Shi ke nan, ka haɗiye maganarka. Kwalbati ka je roƙo, hanyar gaba ɗaya za ka baro a hannunsa.

In kuma ma'aikacin gwamnati ne kai, ka san jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, da wannan maganar ya buɗe: kada ma'aikaci ya jefa kansa inda buƙatarsa za ta yi karo da aikin da aka ɗora masa. COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta ƙasa da ta ba ka hatimi, wadda ke kan wannan aiki tun 1970, tana da hurumin karɓe abinta. Ranar da aka kafa kwamitin bincike babu mai tambayar wa ya ba ka tuwo kana ɗalibi. Sa hannun da ke kan takardar biya za a duba.

Shawarar uwargida daga zuciya mai kyau ta fito, kuma a harkoki da yawa da ita zan bi. A aikin kankare ba ta ɗorewa, kai ma ka fi ni sani. Kankare aiki ne da ke binne laifinsa a cikinsa. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, saboda haka haɗin 1:2:4 yana nufin buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Ka tafi sallar azahar ka dawo, yashi ya zama shida. Lebura ya ga shebur na yi masa nauyi, ya ƙara bokitin ruwa don kwaɓin ya yi laushi, ƙarfin kankaren ya tafi tare da nauyin. Rodi ya kwanta a jikin katako babu ɗan abin da ya ɗaga shi, gobe danshi ya same shi ya fara tsatsa daga ciki. An zuba babu injin girgizawa, ramuka sun fito kamar an ci da gara, aka shafe su da siminti kafin ka iso. Sai ban ruwa: aƙalla kwana bakwai ana jiƙa shi safe da yamma, kuma ƙarfin da ka yi lissafi da shi a takarda sai ya kwana 28 yake kai shi. A zafin Afrilu ko busasshiyar iskar hunturu, ga tankar ruwa da tsada, wa zai tashi da asuba ya jiƙa kwalbatin da ke can ƙarshen hanya in ba mai tsoron Allah da kishin aikinsa ba? Kana da kilomitoci a gabanka, idonka biyu ne.

Abin da ka faɗa game da kwalbatin garinsu ma ya isa shaida. In ruwa ya cinye gefe, to ɗayan biyu ne, ko duka. Ko dai cikon bayan bango ba a daɓe shi ba, an juye tifa an tura da gireda maimakon a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15, ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, sai ruwa ya sami kafa ta bayan bango ya yi ta jan ƙasa har sama ta rufta. Ko kuma ba a yi wa bakin kwalbatin fukafukai da daɓen kankare a mafita ba, ruwa ya fito da ƙarfi ya ƙwaƙule ƙasan. Duka biyun aikin mai gaggawar karɓar kuɗi ne. A watan Maris ka tsaya a kai, da mai kyau da marar kyau duk ɗaya suke. Agusta ce ranar wanka, ita ce ba a ɓoyon cibi.

Kuma ka dubi inda kake aikin. Fadamar Haɗeja ba wurin koyon hannu ba ce. Tun da aka gama Tiga a 1974, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, tafiyar ruwa a kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, yashi da laka sun cike wasu, ruwan kuma dole ya nemi mafita, sai ya bi ta inda ba a zata ba. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Miga da Guri da Kiri Kasamma ba sa buƙatar a ba su labari, ambaliyar 2022 ba ta yi nisa ba. In kwalbati ta karye a irin wannan wuri, ƙauye ne ya yanke. Mai shinkafa da mai riɗi ba za su kai kasuwar Gujungu ranar Lahadi ba. Ɗan acaɓa sai ya biya samari su ɗauki babur a ka su haye da shi. Mace mai naƙuda a amalanke za a kawo ta bakin ruwa, a tsaya jiran kwalekwale. Waɗannan mutanen ba su ci tuwon gidan Baba ba. Kai ka ci. In ka biya da kwalbatinsu, ka zama kamar wanda ya ci bashin gero wurin maƙwabci, da lokacin biya ya yi ya buɗe rumbun marayu ya auna. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma hadisin bai ware wanda ya yi ha'incin don kunyar maigidansa ba.

To, yanzu mu zo kanka, ƙanina, don a nan maganar take da nauyi.

Shawarar abokinka ta fi ta uwargida muni nesa ba kusa ba. Ka tura kuɗi ka kashe waya, wato ka sallami dattijon kamar yadda ake sallamar lebura ranar Juma'a. Mutumin da ya ajiye ka a ɗakin zaurensa, ya kama hannunka ya kai ka inda aka ɗauke ka aiki, in ya ga kuɗi sun shigo waya kuma ta daina shiga, zai gane sarai abin da aka yi masa. Irin wannan ciwo ba ya warkewa a zuciyar tsoho.

Ka kuma tambayi kanka dalilin da ya sa saƙon nan ya yi maka nauyi haka. Ai don ka san akwai bashi a kanka da ka daɗe ba ka taɓa ba. Da kana zuwa gidan, da tuni ka san abin da suke ci da abin da suka rasa. Da yaron ya daɗe a hannunka tun kafin ya fara ɓarnar siminti. Da yau in ka ce a'a, a'a ce ta ɗan gida, wadda ake jin haushinta da safe a manta da yamma. Nisan da ka yi ne ya sa kake ganin ba ka da abin bayarwa sai wannan. Kunyar da kake ji ta gaskiya ce, amma ta shekarun da ka yi ba ka taka ƙauyen ba ce. Kada ka bari ta sa ka sa hannu a kan abin da ka san ruɓaɓɓe ne.

Ina son ka tsaya ka yi tunani a kan irin mutanen da Baba ya fito daga cikinsu. Zamanin Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin Jigawa tana ciki, an buɗe manyan ayyukan ruwa a ƙasar nan: madatsun Bagauda da Tiga, hanyoyin ban ruwa na Kadawa da suka mai da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar shinkafa da tumatir. Samarin ƙauye da yawa sun shiga ayyukan nan da diga da shebur, suka fito sun iya awo, sun iya ɗaurin rodi, sun iya karanta zane ko da Turancinsu bai taka kara ya karya ba. Sun ga aiki ya tsaya, sun kuma ga aiki ya faɗi, domin suna nan Bagauda ta ɓalle a daminar 1988. Su ne suka riƙe hanyoyi da gadojin jihohin nan biyu shekara da shekaru. Je ka duba allon da ake mannawa ranar buɗe aiki: sunan gwamna, sunan kwamishina, sunan kamfani. Foman ba ya ciki, ba a taɓa sa shi ba.

Jami'o'in Zariya da Bayero da Wudil suna koyar da lissafi, kuma lissafin dole ne, ban raina shi ba. Amma akwai karatun ƙasa da sai a bakin aiki ake samunsa, wurin irin su Baba. Su ne za su ɗebi yashin da tifa ta kawo su zuba a kwalba, su cika da ruwa, su girgiza, su ajiye a inuwa. Kafin a gama shan shayi yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta taru a kansa, su ɗaga kwalbar su nuna wa direba su ce ya mai da kayansa. Su ne za su damƙi marmara a tafin hannu su matse: in ta warwatse ta bushe, in ta bar ruwa a hannu ta jiƙe da yawa, in ta dunƙule ta tsaya to a kira rola. Kuma su ne, kafin a kafa ko da fegi ɗaya a fadama, za su nemi mai unguwa da tsofaffin gari su zauna da su, su tambaya a shekarar da ruwa ya fi yawa ina ya tsaya. Tsoho ya kai su gindin wata tsamiya ya nuna da sanda, su auna. Sau da yawa wannan alamar ta fi lambar da ke cikin zanen da aka yi a ofis gaskiya. Na tabbata ko dai waɗannan ko makamantansu ka gani a hannun Baba, kuma na tabbata kana yin su har yau ba tare da ka tuna daga ina ka samo ba.

Ga tambayar da nake son ka riƙe. Da ka tsaya kan kwalbatin yaron nan ka gane nan take ba ta da kyau, da idon wa ka gani? Da wani ne ya rene ka a aikin, irin waɗanda ke cewa a rufe a wuce, da ba ka rubuto mini ba, da tuni an raba kuɗi. Rashin barcin nan naka tarbiyyar Baba ce ke aiki a jikinka. Saboda haka in ka ba ɗansa aikin don ka faranta masa, abin da ya shekara yana ginawa a cikinka ka rushe, kuma da sunansa ka rushe shi. Ranar da kwalbatin ta tafi, mutanen yankin ba za su tsaya a kanka ba. Za su ce ɗan wane ne ya yi, yaron wane ne ya duba. Sunan da dattijon ya tara da gumi tun daga Tiga, a bakin wannan ramin zai ƙare.

Abin da za ka yi shi ne ka tashi ka je. Zumunci a ƙafa yake. Kada ka jira Salla, kada ka aika direba, kada ka yi waya ka ce kana tafe da wata magana. Ka ɗauki uwargida da yara, su ga inda ubansu ya ci tuwo. Ka shiga ciki ka durƙusa ka gaida Inna, ka kai mata turmin atamfa da abin cefane a hannunta, domin ita ta tsuguna gaban murhu saboda kai kuma da wuya wani ya taɓa ce mata an gode. Sannan ka fito ka zauna a tabarma ƙasa da Baba, kamar da.

Kada ka buɗe da zancen yaron. Ka fara da abin da ka daɗe ba ka faɗa ba, kuma ka faɗe shi dalla-dalla. "Baba, na gode da komai" magana ce da kowa ke yi, ba ta zama a zuciya. Ka ce masa, Baba, ranar kaza a wuri kaza ka hana a zuba kankare saboda kaza, na ji haushi a ranar, ga shi bara abin ya cece ni a wani aiki. Ka lissafa masa gadoji da hanyoyin da ka duba, ka ce duk da hannunsa a ciki. Tsohon ma'aikaci da ido ya yi rauni, wanda waya ta daina ƙara, babban abin da ke cinsa shi ne tunanin ko duk wahalar nan ta tafi a banza. Kai kaɗai ne za ka iya amsa masa wannan. Mu dai mun iya yabo, amma sai an kai mutum makwanci. Ran nan za ka ga hotonsa a Facebook da dogon rubutu, wai uba ne, wai makaranta ce guda. Wanda aka rubuta dominsa ba zai karanta ba. Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ni kuwa a ganina godiyar da mai ita ya ji da kunnensa ake nufi tun farko.

Ka kuma nemi shawararsa kan hanyar nan, ba don ka faranta masa kawai ba. Mai yiwuwa ya san fadamar fiye da wanda ya zana ta. In jikinsa zai ɗauka, ka sa rana ka ɗauke shi a mota ka zagaya da shi, ka tara leburori da birkiloli ka ce musu wannan shi ne ya koya mini aiki. Za ka ga yadda zai gyara zaman hularsa.

Batun idon kuwa, ina mamakin yadda ka ambace shi ka wuce. Nan ne ƙofar sakayya take a buɗe. Ka kai shi asibitin ido a Kano a duba shi, ga na ECWA nan da ya daɗe yana wannan aiki, ga wasu. In yanar ido ce ta rufe masa gani, aiki ne da ake yi kullum, kuma mutane da yawa suna komawa gida suna gani. In wani ciwon ne, aƙalla an sani an fara magani. Ka kai shi da kanka, ka zauna a layi tare da shi. Bayan haka ka yanka masa wani abu tsayayye daga albashinka, ko bai da yawa, wanda zai san yana zuwa duk wata, da buhun taki in damina ta kawo kai. Ɗan kaɗan da ba ya yankewa ya fi wa gidan tsoho amfani a kan dunƙulen da zai shigo yau 'yan uwa su ji labari gobe.

Sai in an ci abinci, yara sun fita, ku biyu kaɗai, ka kawo zancen. Ka fara da jin ta bakinsa, domin saƙon daga bakin yaron ka ji shi. Ba mamaki abin da Baba ya ce shi ne, je ka gaida yayanka ko Allah zai sa ya samo maka abin yi, yaron ya ɗora kwalbati a kai da kansa. In ma shi ya faɗa, ka gaya masa gaskiya ba tare da ka tozarta ɗansa ba. Ka ce, "Baba, ƙanina ya zo, na kuma karɓe shi hannu biyu. Amma aikin nan ni ke duba shi, in na sa shi ciki na ɗaure kaina. Kuma hannunsa bai gama faɗawa ba. Ka ba ni shi in yi masa abin da ka yi mini." Foman da ya yi shekaru yana sa a fasa aikin da bai yi ba, ya san ma'anar wannan magana. Wataƙila ma ya riga ka sanin halin ɗansa, nauyin gida ne ya sa ya yi shiru.

In ka faɗi haka kuwa sai ka cika. Ka nemo wa yaron wuri ƙarƙashin foman mai zafi a wani aikin da ba kai ke dubawa ba, ya fara daga inda kowa ke farawa. In ladan bai isa ba ka riƙa cika masa daga aljihunka. Ka tura shi ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ya sami takarda. In yana da sakamakon sakandare mai kyau, ga kwalejojin fasaha a Kazaure da Dutse da Haɗeja, ka ɗauki nauyin kuɗin makaranta. COREN ma ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, tana da rukunin masu fasaha da masu sana'ar hannu, saboda haka akwai tsani a gabansa in yana son hawa. In kana son ka gwada hannunsa, ka gwada da kuɗinka: katangar gidanka, lambatun ƙofar gidanka. In ta tsage, kai ka yi asara, kuma ka sami abin koya masa.

Yana iya ƙi. Yaran yanzu da yawa sunan ɗan kwangila suke so da kuɗin somin aiki, ba rana da ƙura ba. In ya ƙi, ya fita cewa ba aiki yake nema ba, kai kuma ka fita haƙƙinsa. Ka bar ƙofar a buɗe, ka daina jin nauyi.

Baba ma yana iya jin haushi, kada in ɓoye maka. Tsufa da rashi da matsin iyali suna sa mutum ya nemi abin da da ƙarfinsa ba zai nema ba. In ya ɗaure fuska, ko ya ce ai yanzu ka zama babban mutum, ka sunkuyar da kai ka shanye, kada ka kare kanka da dogon bayani. Abin da zai nuna gaskiyarka shi ne wata mai zuwa ka sake dawowa, alawus ɗinsa bai tsaya ba, ranar asibiti ba ta sauya ba. In taimakonka ya yanke saboda ya yi fushi, to ka tabbatar masa da abin da yake zargi.

Akwai kuma ɗaliban da ake turo muku koyon aiki duk shekara, waɗanda a wurare da yawa suke ƙarewa a gindin bishiya, sai aiken sayo abinci da jiran a sa musu hannu a littafi. Ka ɗauki ɗaya ko biyu ka sa su a jikinka, ka ba su kwalba su gwada yashi, ka kai su wurin tsofaffin gari su ji yadda ake tambayar ruwa, ka kuma gaya musu sunan wanda ya koya maka.

Amma kafin duk wannan, gobe da safe ka fara da ɗan kwangila. Ka same shi a gaban mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka ce maganar da ka taɓa masa ka janye ta, ya nemi wanda ya ga dama ya yi kwalbatocinsa, kai kuma za ka duba su kamar kowane aiki, da gwajin kankare na kwana 7 da na kwana 28. Na ce ka fara da shi ne domin na san in ka zauna gaban dattijon ka ga yadda ya rame, zuciyarka za ta karye, gara ka isa ƙauyen ƙofar ta riga ta rufu. Ka kuma sa ido, don yana iya kiran yaron ta bayan fage ya ba shi aikin, ya zo ya ce maka ai kyautatawa ya yi. In haka ta faru, a ranar ka rubuta wa shugabanka takarda ka bayyana dangantakarka da yaron, ka nemi a ba wani injiniya duba kwalbatocin, ka ajiye kwafi a gida.